Tina Kafin Alwala

A gidanmu na Ƙofar Jatau ba a wasa da alwala. Babanmu malamin zaure ne, manyan mutane suna zuwa ɗaukar karatu wurinsa, kuma duk abin da ya koya musu a waje sai ya shigo cikin gida ya gwada shi a kanmu. Kina tsugune da buta sai ki ji mutum a tsaye a kanki. Ya duba diddige, ya duba gwiwar hannu, yana neman lam'a, wato ɗan wurin da ruwa bai taɓa ba. Ni kam na sha sake alwala ina ƙunƙuni. Yaya kuwa, 'yar farin gidanmu, ba a taɓa kama ta ba. Baba da Inna ba sa kiran sunanta saboda kunyar ɗan fari, sai dai su ce da ni, "Dubi yadda yayarki take yi." Na tsani wannan maganar tun ina ƙarama, amma ban taɓa iya jin haushin Yaya ba, don ita ce mai ɓoye mini ƙanzon tuwo.

Ta yi aure a Ƙofar Gayan. Mijinta baduku ne, yana yin takalman fata da na roba, mutum mai sanyin hali wanda ko ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri. A farkon auren ta samu ciki ya zube, daga nan shiru. Ni da na yi aure bayanta na haifi uku, kuma duk ita ta yi mini zaman jego. Ba ta taɓa cewa komai ba, amma na sha ganin yadda take shinshinar kan jariri in ta ɗauka ba mai kallonta.

Aikin takalmi ita ta nema da bakinta. Ba ta fita, ba yaro a gabanta, kuma Yaya ba ta iya zaman banza. Da sallah ta matso aiki ya yi wa mijin yawa, sai ta ce ya riƙa kawo mata manni gida. Aikin ba wuya a ido. A shafa gam a tafin takalmi, a shafa a fatar sama, a bar su su ɗan sha iska, sannan a haɗa a bubbuga da guduma. Gam ɗin ruwan ɗorawa ne mai kauri, a gwangwani yake zuwa. In ya yi tauri sai a tsinka shi da tina, wannan farin ruwan da masu fenti ke amfani da shi, wanda warinsa ke hawa kai tun daga bakin ƙofa. Dukansu biyun iska na shanye su, don haka Yaya ta zaɓi ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa, ta rufe taga, ta saki labule, kada gwangwani ya bushe mata a banza, kada kuma wari ya dami maƙwabta. Burushin da mijin ya ba ta ma ajiye shi ta yi. Ta ce yatsa ya fi sauri, ya fi shiga lungu.

Ranar da na fara shiga ɗakin nan sai da na dafa bango.

"Yaya, ashe sholisho kike sha a ɓoye? Ke 'yar malam guda?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke dai bakinki ba ya hutawa. Zauna, za ki saba."

Ban saba ba. Ita ce ta saba, har ta daina jin warin.

Ba a daɗe ba ta tare ni da wata damuwa. Ta miƙo mini hannuwanta. Gam ya bushe a kansu ya zama kamar wata fata ta biyu, ta zuba ruwa na ga yana zamewa bai jiƙa komai ba. Ta ce in tambayo mata Baba hukuncin alwalarta. Ita ba ta iya doguwar magana da shi, ni ce 'yar aiken kowa a gidan nan tunda ni Allah bai ba ni kunya ba.

Baba bai ko buɗe littafi ba. Ya ce lalle launi ne kawai, ba ya hana ruwa. Amma duk abin da ke da jiki, ya rufe fata, ya tare ruwa, sai an kawar da shi alwala take inganta. Gaskiya ya faɗa. Duk malamin da za ki tambaya a cikin birnin nan haka zai ce miki, kuma har yau ban ga kuskure a cikin amsarsa ba.

Saura yadda za a kawar da shi. Sabulu bai iya ba. Dutsen goge kaushi ya ɗaye mata fata. Sai mijin ya ce su a shago in gam ya ɗan taɓa su, tsumma suke tsomawa a tina su goge. Yaya ba mutuniyar tsumma ba ce. Tarar tina take yi a tafin hannu kamar mai shafa mai, ta murza har gwiwar hannu, ta bi tsakanin yatsu, ta bi ƙarƙashin farce, ta ɗaga hannu ta duba a haske, in ta ga ɗan ƙyalli ta sake. Sannan sabulu, sannan alwala. Haka take yi kafin azahar, kafin la'asar, kafin magariba, kafin lisha. Aikin da aka fara don sallah ya zama na kullum, saboda mannin Yaya ba ya ɓallewa, masu saye suka gane, suka riƙa neman takalmin mijinta. Ya yi shekaru yana tafiya a haka.

Hannuwanta suka bushe suka tsattsage, muka ce ta shafa man kaɗanya. Ciwon kai ya zama abokin zamanta, muka ce zafin gari ne. Sai al'adarta ta fara wasa. Ta zo a makare, ta zo 'yar kaɗan, ta tsallake wata. Yaya tana lissafin kwanakinta sosai saboda salla, don haka ita ta fara lura, ta gaya mini a hankali muna tsince shinkafa. Daga baya al'adar ta ɗauke ɗungurungum.

Mu duka abu ɗaya muka ɗauka, cewa ciki ne. Inna, wadda ko kallon Yaya ba ta yi a gaban mutane, ta kira ni ƙuryar ɗaki ta danƙa mini ƙullin tsamiya da busasshen zogale, ta ce, "Ki kai wa waccan. Kada ki ce ni na bayar." Mijin ya fara shigowa da tsire da yamma. Ni kuma na hana ta ɗaukar bokitin ruwa, amma ban hana ta shiga ɗakin manni ba, don a zaune ake yin sa, wa zai ce aiki ne mai wahala?

Watanni suka wuce ciki bai fito ba. Tsofaffin unguwa suka zo suka tattaɓa, suka ce kwanciya ya yi. A wurinmu an yarda ciki yana iya kwanciya, ya yi barcinsa a mahaifa shekara ɗaya ko fiye, sai ranar da Allah ya so ya tashi. Kowace tsohuwa tana da labarin wata da hakan ta faru da ita, ta haifi namiji ƙato. Baba ya yi rubutu, Inna ta nemo jiƙe-jiƙe. Yaya kuma ta kama abin da ta fi iyawa, ta ƙara salla. Ta ƙara walaha, ta ƙara nafilfili, tana roƙon Allah ya tashi cikin nan. Kowace salla da alwalarta, kowace alwala da tinarta. A da, in tana fashin salla hannuwanta kan samu hutun mako guda. Yanzu ba fashi, ba hutu. Wannan lissafin sai daga baya na yi shi, kuma duk ranar da ya faɗo mini sai abinci ya fita raina.

Abin da ya tsorata ni ba cikin ba ne. Wata rana da sanyi, kowa yana ƙudundune, na ga Yaya ta yaye mayafi, gumi yana karyo mata daga wuya har ƙirji, tana fifita da kwalin takalmi. Ta ce wani zafi ne ke taso mata daga ciki kamar an buɗe murhu, ya daɗe kaɗan ya tafi. Ba ta barcin kirki. Kuma a gabana ta daka wa mijinta tsawa a kan ya ajiye buta ba a wurinta ba. Yaya! Bawan Allah ya tsaya yana kallonta, ita ma ta tsaya tana kallon kanta, sai ta fashe da kuka.

Na ce asibiti za mu. Inna ta ce in bar ciki ya yi barcinsa, kada likitoci su taɓa shi su ɓata. Na ce, "Inna, ko gawa ce ai ya isa a ce ta motsa." Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, amma na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa na kai Yaya.

Aka yi hoton ciki. Babu komai, ba kwantacce ba, ba farkakke ba. Aka ɗebi jini aka ce mu dawo. Ranar da muka koma, likitar mata ce ta gan mu, wata mai ƙaramin jiki da ba ta gaggawa. Kafin ta ce komai a kan gwajin sai ta ɗan ɗaga hanci, ta kama hannun Yaya ta juya shi.

"Hajiya, wane aiki kike yi?"

Yaya ta sha turare kafin mu fito, amma tina ba ta jin turare. Ta gaya mata komai: ɗakin, tagar, yatsan, wankin hannun. Likita ta tambaya sau nawa a rana. Da Yaya ta faɗa, sai ta ajiye biro.

Ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce a jikin mace akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, su ne ke sakin ƙwai, su ne kuma ke yin sinadaran da ake kira homon, waɗanda ke kawo al'ada, su shirya mahaifa, su riƙe ƙarfin ƙashi. Ƙwaƙwalwa ce ke aika musu saƙo kowane wata su yi aikinsu. Ta ce gwajin Yaya ya nuna ƙwaƙwalwar tana ta aike da ƙarfi, su kuma da ƙyar suke amsawa, kamar mutum yana ta rafka sallama a zaure cikin gida shiru. Irin wannan a jikin macen da ta manyanta ake ganin sa. Yaya kuwa a lokacin ba ta daɗe da haura talatin ba.

Ta ce abubuwan da ke cikin gam da tina suna shiga jini ta numfashi, suna shiga ta fata, balle fatar da ta tsage. An lura matan da ke aiki da irinsu a wurin da ba iska sukan samu rikicewar al'ada da wahalar samun ciki, kuma ana zargin suna taɓa aikin ma'ajiyar ƙwan.

Na ce, "Likita, ki bar zargi. Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ba zan iya rantsuwa ba," in ji ta. "Akwai matan da wannan ke samu ba su taɓa ganin gam ba. Akwai masu aikin da bai same su ba. Abin da na sani shi ne ta bar shi daga yau."

"In ta bari zai dawo?"

Ta dubi Yaya, ba ni ba. "Wani lokaci ma'ajiyar takan farfaɗo da kanta, ta yi aiki na ɗan lokaci. Yana faruwa. Amma ba zan ce ki sa rai sosai ba."

Na so in kama wani in shaƙe. Mijin ya kwashe gwangwanayen gam da galan ɗin tina ya fitar da su a ranar, ya dawo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya ce, "Ni na kawo shi gidan nan." Yaya ta ce, "Ni na ce ka kawo." Baba ya kira ni zaure bayan ɗalibansa sun watse, ya sa na maimaita masa maganar likita tun daga farko. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Hukuncin haka yake." Na ce na sani, Baba. Ya ce, "Ban tambayi da me take wankewa ba." Na fito da fushina a hannu, na rasa wanda zan ɗora wa. Masu yin gam ɗin ban san ƙasarsu ba, rubutun jikin gwangwanin ma ba da harshen da muke karantawa aka yi shi ba.

Likita ta rubuta wa Yaya ƙwayoyin homon. Ta ce za su rage mata zafin, su kare mata ƙashi, kuma za ta riƙa ganin jini kowane wata, sai dai jinin magani ne, ba alamar ƙwai ba. Yaya ta ƙi sha. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce so take ƙashinta ya rube tun ba ta tsufa ba?

Ta ce, "In na sha, ranar da nawa ya dawo ta yaya zan gane shi?"

Na ce likita ta ce kada ki sa rai.

"Ta ce yana faruwa."

Duk dogon bayanin nan, kalma biyun nan kaɗai Yaya ta ɗauko ta taho da su gida. Hannuwanta suka warke, ciwon kai ya ragu, ta koma ɗinkin hula a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Zafin bai daina taso mata ba. Kowace safiya tana dubawa, na sani, don na ga yadda take fitowa daga banɗaki ba ta kallon kowa.

Sai azumi ya zo. Wajen tsakiyarsa, da rana tsaka, ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu-yanzu. Na tari a-daidaita na tafi. Na same ta zaune a tsakar gida da moɗa cike da ruwa. Mu mata in mun sha azumi ɓuya muke yi, mu ci a bayan ƙofa kamar ɓarayi, ko 'ya'yanmu ba ma so su gani. Yaya ta jira sai da na shigo, ta ɗaga moɗar ta shanye a gabana, ruwa yana bin haɓarta.

"Na sha azumi," ta ce. "Ya zo."

Na rungume ta muka yi ta kuka da dariya. Ta dafa taliya da manja da yaji ta ci, ni mai azumi ina kallonta ina ce mata Allah ya isa. Rabon da in ga ta ci abinci haka har na manta.

Kafin la'asar ya tsaya. Ɗigo ne, bai fi ya ɓata ƙyalle ba. Washegari babu, jibi babu. Ta aike ni wurin Baba in tambayo ko shan azuminta ya halatta. Na faɗa masa ina kallon tabarma. Ya ce ko ɗigo ɗaya ne haila ce a wajen ibada, ta yi wanka, ta ci gaba da salla da azumi, ta rama yini ɗaya bayan sallah. Da na kai mata amsar, ba ta ji zancen wanka da ramuwa ba. "Baba ya ce haila ce?" Na ce haka ya ce. Ta sa na sake faɗa.

Na koma da ita asibiti. Likita ta ce ɗigo irin wannan yana iya zuwa ta hanyoyi da yawa, aka sake gwaji, sakamakon bai canza ba. A hanyar dawowa, da muka shigo ganuwa sai Yaya ta ce, "Ita likita ce, shi malami ne."

Bayan sallah na fara ramuwata, na ce ta zo mu yi tare, nata ɗaya ne tak. Ta ce sai wani satin. Wani satin ya zo ta ce kanta na ciwo. Yaya da ba ta taɓa barin salla ta wuce farkon lokacinta ba, ta bar azumi ɗaya yana bin ta wata bayan wata. Babbar sallah ta wuce, Maulidi ya wuce. Na fara zolayarta, na ce ko so take in rama mata, ta biya ni da hula?

Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da ɗinkinta, ta ce, "Jira nake su taru, in rama gaba ɗaya."

Ban sake tayar da maganar ba. Ina zuwa, mu yi hira, in duba fuskarta in san amsar, in koma gida. Ba abin da zan kai mata, ba wanda zan kai ƙara wurinsa. Rajab ya shiga ya fita, jinin bai sake zuwa ba.

Da Sha'aban ya yi nisa, Baba ya tsayar da ni a zaure ina shirin fita. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ki tuna wa yayarki wata ya kusa. Ba a shiga wani azumin da ramuwar wani a kai." Na ce, "Baba, ta sani." Ya ce, "Na san ta sani." Sai ya kama gyaran littattafan da ke gabansa.

Na kai saƙon. Ta ce to, gobe.

Na je na yi buɗa-baki da ita don kada ta yi ita kaɗai. Na kai ƙosai da kunun tsamiya. Mijin ya tafi masallaci da wuri, ina jin don ya ba mu wuri ne. Muka zauna a tabarma muna jiran kiran salla, gumin nan ya taso mata ta share da gefen zani. Da ladan ya kira ta ɗauki dabino ta ci, ta kurɓi ruwa, ta yi addu'arta a hankali.

"Shi ke nan," ta ce. "Na rama."

Na tura mata ƙosai gabanta. Ba ta taɓa ba.

"Gobe in kin taso daga makaranta, ki biya ki sayo mini maganin nan na likita. Zan fara sha."

Na fi shekara ina faɗa da ita a kan ta faɗi wannan maganar. Na buɗe baki in ce alhamdu lillahi, ya ƙi fita. Na ce, "Yaya, ko za ki ƙara jira zuwa bayan sallah?"

Ta girgiza kai, ta ɗauki buta ta tashi.